NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: MALAMAR DA TA KAI KARATU HAR ƘOFAR ƊAKI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo taƙaitaccen tarihin wata baiwar Allah, malama kuma mawallafiyar waƙoƙi, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu. Gidansu ba baƙo ba ne a gare mu mutanen Adar, domin a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi mahaifinta a shekarar 1754, kuma babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a wajen Madawa ya yi wafati.

HAIHUWARTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hasan, amma Shehu bai raɗa mata sunan da aka saba ba tagwaye ba, sai ya ba ta sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka rene ta. Ta tashi a gidan da ba a ware 'ya mace daga allo, domin Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani mai girma, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta kuma iya harsuna huɗu: Larabci, Fillanci, Hausa da Buzanci.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da ƙaura da mutuwar mahaddata a shekarun yaƙi, har aka ci Alƙalawa a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan wafatin Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da adana su.

DALILIN WAƘOƘINTA

Da ƙura ta lafa, sai wata matsala ta bayyana. Ƙasa ta faɗaɗa, jama'a sun yawaita, amma mafi yawan matan karkara ba su san farillan alwala ba, balle hukuncin haila da biƙi da takaba. Idan ciwo ya kama yaro, wurin 'yan bori ake nufa. Littattafai kuwa da Larabci suke, da hannu ake kwafarsu, takarda kuma mai tsada ce, sai fatake sun keto Sahara da ita. Wadda ke fama da daka da niƙa da ɗiban ruwa, yaushe za ta zauna gaban malami?

Nan ne basirar Nana Asma'u ta fito. Ta lura cewa abin da aka tsara a waƙa yana zama a ka, ana rera shi ana aiki, kuma ba ya bukatar gafaka. Saboda haka ta riƙa zuba karatu cikin baitoci, tana duban mai saurare kafin ta zaɓi harshe: Larabci ga malamai, Fillanci ga jama'ar gidansu, Hausa ga sauran al'umma. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 da Fillanci a 1829, ta mayar da su Hausa a 1838. Ta juya waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da talakawa game da hisabi. Ta yi Goɗaben Gaskiya a kan wa'azi, da waƙar da ta jero salihan mata tun daga iyalan Manzon Allah (S.A.W.) har zuwa matan zamaninta, domin mace ta sami abin koyi daga jinsinta. Ta kuma wallafa Tabshirul Ikhwani da Larabci a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Ƙanenta Isa ɗan Shehu ya taimaka wajen mayar da wasu waƙoƙinta zuwa Hausa.

Marsiyyoyinta ma karatu ne. Ta yi wa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta. Abin da take yabo a cikinsu shi ne haƙuri, kyauta, sada zumunci da tsoron Allah.

'YAN TARU

Rubuta waƙa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ta isa kunnen wadda aka yi dominta. Don haka ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. A da, malfa alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai ga ta a kan mai koyar da salla. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su tako da ƙafa zuwa wurin Malama, su haddace waƙoƙi tare da bayaninsu, sa'an nan su koma su karantar da matan aure a cikin gidajensu. Ta haka karatu ya shiga inda malami namiji ba ya iya shiga, ba tare da an taɓa mutuncin gida ba. Darajar waɗannan mata a wurinta ta kai ga da jajinta Hauwa'u ta rasu, sai da ta yi mata marsiyya.

WAFATINTA

Allah Ya karɓi ranta a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Zuriyarta suka adana takardunta, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. A wannan shekarar ce aka buga tarin ayyukanta, kimanin 60, a Amurka, bisa ƙoƙarin Jean Boyd da Beverly Mack.

DARASI A GARE MU

Ya 'yan'uwa, mu dubi kanmu, daga Allakaye har ƙauyukan Buza da Keita da Madawa. Mukan zauna a masallaci tsakanin Magariba da Isha'i mu saurari karatu. Nawa ne daga cikinsa yake tsallake zaure ya shiga cikin gida? Uwar da ba ta san hukuncin tsarki ba, ita ce malamar farko ta 'ya'yanmu, kuma za a tambaye mu game da ita ranar gobe. Nana Asma'u ba ta da injin buga littafi ko rediyo, amma uzuri bai tsayar da ita ba. Ya kamata kowane magidanci ya maimaita wa iyalinsa abin da ya ji, ya bar matarsa da 'yarsa su je makarantar Islamiyya, kowace unguwa kuma ta nemi dattijuwa mai ilimi ta girmama ta, ta ba ta wurin karantarwa.

Allah Ya gafarta wa Nana Asma'u, Ya haskaka makwancinta, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon isar da shi. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.