Babban Gwani, Maginin Zazzau

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, an yi wani magini a Zariya, sunansa Malam Mika'ilu. Saboda gwanintarsa a ke ce masa Babban Gwani. Shi ne ya gina Masallacin Jumma'a na birnin.

A lokacin nan babu siminti, babu ƙarfen gini. Abin da ƙasar Zazzau ta ba shi, da shi ya yi aiki, watau jar ƙasa mai danƙo da azarar giginya, wadda gara ba ta ci. Ƙasa tana ɗaukar nauyi, amma ruwan sama yana cin ta. Azara kuwa ba ta isa ta ƙetare ɗaki mai faɗi. Don haka ya ta da ginshiƙai masu kauri, ya riƙa ɗora azara bisa azara cikin laka, har suka haɗu a sama kamar bakan gizo, suka riƙe rufin.

Masallacin ya sha damina fiye da ɗari. A shekarun 1970 aka rufe shi da sabon gini, bakunan nan kuwa suna ciki har yau.

To, yara, mai son gininsa ya daɗe, sai ya fara sanin halin ƙasar da zai kwaɓa.