Tarihin Buckminster Fuller, Mai Ginin Ƙubba

A wannan makon na kawo muku tarihin wani Ba'amurke mai suna Richard Buckminster Fuller.

An haife shi ranar 12 ga Yuli, 1895 a garin Milton na jihar Massachusetts. Sau biyu ana korarsa daga Jami'ar Harvard, har ya bar ta ba digiri. A 1922 'yarsa Alexandra ta rasu tana ƙarama, a 1927 kuma ya rasa aikinsa, ga iyali ga babu kuɗi.

Duk da haka bai daina zanen gini ba. Burinsa shi ne ya rufe fili babba da kaya kaɗan. Idan aka ɗaure sanduna uku suka zama alwatika, da wuya su karkace, amma masu kusurwa huɗu nan da nan suke goce wa mutum. Ku gwada da tsinken tsintsiya ku gani. Sai ya riƙa haɗa alwatika da yawa har su zama ƙubba, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Gaskiya wani Bajamushe ya riga shi gina irinta, amma Fuller ne ya yayata ta a duniya. Wadda ta fi shahara ita ce ta baje kolin birnin Montreal na Kanada a 1967.

Ya rasu ranar 1 ga Yuli, 1983 a Los Angeles. Matarsa Anne ta bi shi bayan awa 36.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne bayan rasuwarsa. A 1985 masana uku, Kroto da Curl da Smalley, suna bincike a Jami'ar Rice kan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Suka gano ƙwayoyin zarra 60 na kabon da suka dunƙule kamar ƙwallon ƙafa. Da yake siffar ta yi kama da ƙubbar Fuller, sai suka sa mata sunansa, ana ce mata fularin. Sun ci kyautar Nobel a 1996.

Yanzu ana gauraya fularin da wata roba ta musamman a yi sola mai lanƙwasuwa. Rana na dukan robar sai ilektiron ya kuɓuce, fularin ya cafke shi ya miƙa wa waya, a samu lantarki. Shi dai Fuller ba masanin sinadarai ba ne, kuma bai taɓa jin labarin wannan ƙwallo ba.