Bitrus Gani-Ikilama: Makahon da Ya Zama Ɗan Jagora

A ƙasarmu, idan yaro ya rasa ganinsa, abin da aka saba tanadar masa shi ne sanda da ƙoƙon bara da ɗan jagora. Marigayi Dokta Bitrus Gani-Ikilama yana cikin mutanen farko da suka kauce wa wannan hanya a Arewa, kuma daga nan Filato ya ɗauko tafiyar.

An haife shi a Donga, cikin Jihar Taraba ta yanzu, a shekara ta 1944. Yana ɗan shekara biyar ƙyanda ta kama shi, ta tafi da ganinsa. A lokacin babu allurar rigakafinta. Sai a 1963 aka fara amfani da ita a Amurka.

A 1953 mishan ta SUM, wadda ikilisiyar COCIN ta tsiro daga aikinta, ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, kudu maso gabashin Jos. Ita ce ta farko irinta a Nijeriya. Bitrus ya shiga a 1955, ya koyi rubutun Braille, wanda ake karantawa da kan yatsa ta hanyar shafa ɗige-ɗige shida da ake jujjuya tsarinsu. Daga nan ya wuce makarantar sakandaren maza ta Gindiri, ya zauna aji ɗaya da masu gani. Mai karatu ya auna nauyin wannan: malami yana rubutu a allo, sauran yara suna kwafa, shi kuwa kunne da hadda ne jarinsa. A ganina nan ne ya ci babban yaƙinsa, domin bayan wannan ba wanda zai sake cewa aji ya fi ƙarfin makaho.

Ya tafi Landan a 1963, ya karanta aikin gyaran gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki, wanda a asibiti ake kira fisiyo, ya gama a 1967. Da ya komo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Legas, sa'an nan na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wanda jama'a za su ɗauka shi ne abin jinya, sai ga shi yana koya wa masu shanyewar jiki takawa.

A Zariya ne, a 1976, ya kafa hidimar da aka sani da Hope for the Blind, wadda ta fara da naɗar karatu a kaset domin makafi su saurara. Irin wannan hidima ta fi yi wa wanda makanta ta same shi da girmansa rana, tun da bai taɓa koyon Braille ba. Cikin waɗannan akwai masu ciwon jijiyar gani na gado, wanda likitan ido Bajamushe Theodor Leber ya bayyana a 1871. Ta wajen uwa ake gādonsa, kuma ya fi kama samari tsakanin shekara 15 da 35. Ba ya zuwa da zafi. Tsakiyar gani ce ke dushewa a ido ɗaya, bayan makonni ko watanni ɗayan ya biyo baya, gefe-gefe kuwa yakan saura. Saurayi zai iya yawo cikin gida amma ya kasa gane fuskar mahaifiyarsa ko karanta layi guda. Tabarau ba ya gyara shi, haka ma aikin cire yanar ido, gama lahanin yana can cikin jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Abin takaici, a wasu gidaje sai a koma zargin uwa ko neman wanda ya yi sammu, alhali a Yohanna sura 9 Ubangiji ya ƙi ɗora laifin makanta a kan mutumin ko iyayensa. Abin da saurayin yake bukata shi ne likitan ido, da kuma hanyar ci gaba da karatu. Aikin da kaset ya yi a zamanin Bitrus, yau wayar hannu mai karanta rubutu da murya tana yin sa.

Ban da aikin asibiti, an san shi da wa'azin bishara, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta OON. Ya huta a watan Fabrairu na 2011, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 67.