Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Ɗan Jarida Kuma Marubucin Tarihi

Duk wanda ya zauna aji a Birnin Kebbi ko Argungu, da wuya a ce bai taɓa riƙe littafin Magana Jari Ce ba. Amma da yawanmu mun fi sanin Waziri Aku fiye da mutumin da ya ƙago shi.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, sa'an nan ya koyar a makarantar Midil ta garin. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ya shigar da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shigar da Ganɗoki. Nan ne Dokta Rupert East ya gane basirarsa, ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma editanta na Hausa na farko. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Jaridar ta gwamnatin Turawa ce, sarakuna suna sa ido, talakawa kuma suna aiko da koke-kokensu. Malam Abubakar ya bi tsakaninsu da hikima, bai yi shiru ba, bai kuma yi rashin kunya ba.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Can ya gana da Lugga, ya bayyana masa ƙarancin ilmin zamani a Arewa da yadda ake ture matasa masu ilmi gefe. Labarin tafiyar yana cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Daga baya ya juya alƙalaminsa ga tarihin magabata, ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da Sayyadina Abubakar cikin Hausa mai sauƙi, wadda ɗan firamare da dattijo za su fahimta. Ya rasu a Zariya a 1981.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ƙasar Kanta da Malam Abdullahin Gwandu ba ta rasa mazajen da za a rubuta ba, kuma dattawan da suka riƙe labaransu suna ta ƙarewa. Wa zai ɗauki alƙalamin?

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.