Frédéric Bastiat, marayan da ya ƙalubalanci harajin Faransa

An haifi Frédéric Bastiat a garin Bayonne na ƙasar Faransa a shekarar 1801. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara 17 ya bar makaranta ya shiga kasuwancin danginsa, inda ya ga yadda kuɗin duwan ke karya jarin 'yan kasuwa.

A ra'ayinsa, aikin gwamnati shi ne kare rai da 'yanci da dukiyar jama'a. Duk dokar da ta ƙwace na wani ta ba wani, fashi ya ɗauke ta. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1848, ya kuma soki kuɗin talakawa da Faransa ke zubawa wajen mulkin mallaka a Aljeriya.

Bastiat ya yi adawa da yadda gwamnati ta kankane takardar Bak, domin a ganinsa ana tilasta wa yara haddar Latin maimakon ilimin da zai ciyar da su. Matasan Faransa ne ya sadaukar wa littafinsa mai suna Harmonies économiques.

Tarin fuka ne ya yi ajalinsa a birnin Roma, ranar 24 ga Disamba 1850, yana da shekara 49.