Christiaan Persoon, Wanda Ya Raɗa wa Harshen Ƙasa Suna

Idan damina ta zauna a Ɗankaza, mukan ga naman kaza da lemar kwaɗi sun tsiro a gindin itatuwa, mu wuce ba mu kula ba. Amma akwai mutumin da ya ƙarar da ransa wajen binciken waɗannan halittu. Sunansa Christiaan Hendrik Persoon.

An haife shi a 1761 a Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Yana ɗan shekara 13 aka aika shi Turai karatu, ba a daɗe ba mahaifinsa ya rasu. Ya fara da ilmin tauhidi a Halle ta Jamus, daga baya ya koma karatun likita a Leiden da Göttingen. Duk da haka hankalinsa yana kan dangin naman kaza.

A 1794 ya bayyana wani ɗan ƙaramin baƙin tsiro mai fitowa cikin ciyawa, kansa a faɗaɗe kamar harshe. Ya sa masa suna Geoglossum, wato harshen ƙasa da Helenanci. A 1801 ya fitar da littafinsa Synopsis Methodica Fungorum, inda ya kasa waɗannan halittu gida-gida bisa siffarsu.

Bayan haka ya koma Faris, ya zauna shi kaɗai cikin talauci a wani ɗan ɗaki. Har sai da ya miƙa wa Holan tarin samfuran da ya busar, aka yanka masa fansho. Ya rasu a 1836.

Masanan da suka biyo bayansa sun haɗa duk mai kama da harshe a gida ɗaya. To, kama da wane ba ta wane. Da aka gwada ƙwayoyin gadonsu, sai aka ga Trichoglossum ɗan'uwan Geoglossum ne, Microglossum kuwa kama kawai ya yi. A 2009 aka ware wa harsunan ƙasa na ainihi ajinsu, Geoglossomycetes. Mujallar da ta buga wannan bincike sunanta Persoonia, domin tunawa da shi.

Ɗalibai, an sauya tsarin, amma sunan da maraya ya raɗa yana nan. Mu lura da kyau, mu rubuta abin da muka gani, na baya su gyara mana.