Amrita Devi: Macen da Ta Ba da Ranta Saboda Itatuwan Gona

Duk wanda ya ratsa karkarar arewacin Kano, wajen Ɗambatta ko Bichi, zai tarar da gonaki manne da juna babu sauran daji, amma ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye cikin gero. Manomi bai bar su don ado ba. Wanda ya san amfaninsu shi zai fi fahimtar tarihin Amrita Devi, wata mata 'yar ƙasar Indiya wadda aka kashe a shekarar 1730 saboda irin waɗannan itatuwa.

Amrita ta zauna a ƙauyen Kejarli, kusa da birnin Jodpur, a ƙasar Rajastan mai ƙarancin ruwan sama. Jama'arta su ne Bishnoyi, watau mabiya wani malami mai suna Jambeshwar, wanda ya rayu daga 1451 zuwa 1536, ya kuma bar musu ƙa'idoji 29. Cikinsu har da hana sare ɗanyen itace da kashe dabba. Itacen da suka fi ji da shi shi ne kejiri, dangin gawo. Dabbobi suna cin ganyensa, mutane suna dafa 'ya'yansa, gero kuma yana yin albarka a ƙarƙashinsa.

A shekarar 1730 Sarkin Jodpur, Abai Singh, ya buƙaci itacen ƙona farar ƙasa domin ginin sabuwar fada, ya tura mutanensa Kejarli da gatura. Kamar yadda Bishnoyi suka adana labarin, Amrita ce ta fara fitowa. Ta hana su, suka ƙi ji, sai ta rungume itacen, aka sare ta tare da shi. 'Ya'yanta mata uku suka maye gurbinta, su ma aka kashe su. Da labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyukan kewaye suna rungumar itatuwa, har rayukan da suka salwanta suka kai 363.

Da abin ya kai kunnen sarki, sai ya tsai da saran, kana ya kafa dokar hana sare itace da farauta a ƙasar Bishnoyi. A nan muhimmancin Amrita yake. Abin da a da al'adar talakawa ne kawai, wadda bawan sarki zai iya takawa, ya zama doka daga fada.

Sunanta bai ɓace ba. Gwamnatin Indiya ta sa shi a kan wata lambar yabo ta masu kare namun daji, sa'an nan a 2013 ta keɓe 11 ga Satumba domin tunawa da waɗanda suka mutu wajen tsaron dazuzzuka. Ma'aikacin gandun daji yana tsaron itace ne bisa umarni, amma na Amrita ya samo tushe daga sanin cewa ranar da kejiri ya ƙare, abincin dabba da ƙarfin gona sun ƙare tare da shi.